Kumbonmu Ni da Yaya Bello

Wangsa Maju, Kuala Lumpur

Babana,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta riske ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ka sa ƙafa. Babanku yana gaishe ka, ko da yake yanzu haka yana falo yana ta ɗora akwatinka a kan sikeli yana saukewa, kamar nauyin zai ragu don an yawaita dubawa.

Na san abin da za ka ce. Me ya hana Mama ta turo saƙon murya kamar yadda ta saba? Halinka ne ya hana ni. Na sha kama ka kana sa saƙona a guje, muryata ta koma kamar ta ɗan tsako, kafin in gama sallama ka ce ai ka ji. To, takarda dai ba ta da maɓallin sauri. Ka gyara zama ka karanta, tafiyar jirgin ma ba gajera ba ce.

Ba zan cika maka kunne da maganar salla a kan lokaci da guje wa abokan banza ba. Wannan babanku ya riga ya yi maka, ya kuma yi da kyau, kai ma ba yaro ba ne. Ni magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, maganar Zariya.

Ranar da muka sauka mamak, ɗan shagon abincin nan na ƙasan gidanmu, shan shayi, na ce maka in ka isa Abuja, kafin ka shiga sansanin bautar ƙasa, ka fara zuwa Zariya ka ga Kawunka Bello. Ka yi ta juya cokali a kofi, can ka ce, "Nanti lah, Mama, sai na ɗan zauna tukuna." Babana, ni na haife ka. Na san wannan "nanti" taka, wato "sai an jima". Da ita ka bar kekenka a ƙasan bene har tsatsa ta cinye shi. Sai dai wannan karon na san ba ƙiwa ba ce, kunya ce. Kana gudun ka buɗe baki a gidan kakanninka a fashe da dariya, a ce ga ɗan Maleshiya ya zo, Hausarsa ta sha ruwan kwakwa.

To ka sani, idon Kawunka yana tafiya. Hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta lallaɓa abin da ya rage. Ƙananan rubutu ya daina gani tun bara. Manyan abubuwa yana gani har yanzu, kamar fuskar mutum, ko talabijin in ya matsa kusa. Ba wanda ya san har zuwa yaushe. Ina so ka je tun yana iya ganin fuskarka, kuma akwai wani aiki da nake so ku yi tare wanda sai da ido ake jin daɗinsa. Yana cikin ambulan ruwan ƙasa da na sa a jakarka ta hannu, kusa da kwalin shayin da na saya wa matarsa. Kar ka buɗe tukuna, bari in ba ka labarinsa.

Ina farkon sakandare, Yaya Bello yana gabana da aji uku, mahaifinmu, mai sunanka, yana koyar da kimiyya a wata makaranta a Zariya. Sai aka tura shi kwas Ingila. Kowa ya ba da sautu. Inna ta ce atamfa, ni na ce takalmi mai igiya, Yaya ya ce agogo. Baba ya dawo da atamfar Inna, don shi ma yana son zaman lafiya a gidansa, sai kuma wani kwali guda. Muka yage shi da rawar jiki. A ciki wani baƙin abu ne, bai kai farantin cin abinci girma ba, maɓallansa na roba ne masu taushi kamar magogin fensir. Baba ya ce wannan ita ake kira kwamfuta, kuma ita ce takalmina, ita ce agogon Yaya. Wallahi na yi kuka har da majina.

Kai da ka yi digiri a kan kwamfuta a Bukit Jalil, da ka gan ta sai ka riƙe ciki don dariya. Ba ta da fuska, sai an jona ta da talabijin ɗin falo. Ba ta riƙe komai a kanta, kana kashewa ta manta da kai da duk wahalar da ka sha. In kana son adana aikinka sai a kaset, a rakodar da Baba yake sauraron karatu da ita. In kuwa tana ɗauka ko tana mayarwa, wani irin ƙara take yi, ƙiiii, mai shiga har haƙori. Ranar farko Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce a kashe mata abin nan kafin ya tara mata maƙwabta. Agogon da ke ɗaure a hannunka yanzu ya fi ta ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Amma kafin sati ya zagayo na manta da wani takalmi.

Abin da ya ɗora mu a kanta mujallu ne. Wani malami ɗan Indiya, abokin aikin Baba, zai koma ƙasarsu, sai ya bar mana tarin mujallun kimiyya na Turanci da ake aiko masa wata-wata. Akwai hotunan taurari, da duwatsu masu aman wuta, da yadda mutum zai haɗa rediyo da hannunsa. A can baya kuma akwai shafukan firogiram, layi bayan layi, kowane da lambarsa, rubutun ƙanana kamar tururuwa. In ka kwafe su harafi-harafi ba kuskure, sai kwamfutar ta yi abin da aka alkawarta, ta zana fure, ko ta yi kiɗa, ko ta ba ka wasa.

Mutum ɗaya ba ya iya aikin nan. Kana ɗaga ido daga takarda don ka nemi maɓalli, ka ɓace, ba ka san layin da ka tsaya ba. Sai muka raba aiki. Yaya ya kwanta rub da ciki a kan leda da mujalla a gabansa, yana bin layi da rula yana karantawa, ni ina zaune na tanƙwashe ƙafa ina bugawa. Matsalar ita ce rubutun cike yake da alamomin da ba mu san sunansu ba ko da Turancin, balle da Hausa. Sai muka raɗa musu namu. Alamar zance, 'yan sandunan nan biyu na sama, muka ce kunnen zomo. Ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya, idon mage. Ɗigo da waƙafi a ƙasansa, mai wutsiya. Baka biyu, buɗe ƙwarya da rufe ƙwarya. Alamar dala kuwa, maciji da sanda. In ka wuce ta ƙofar falonmu da hantsin Asabar, abin da za ka ji ke nan:

"Layi na gaba. Buɗe ƙwarya, maciji da sanda, rufe ƙwarya, idon mage."

"Na sa."

"Kunnen zomo, Hajo. Kin sa kunnen zomo?"

"Na ce maka na sa!"

Inna ta taɓa tsayawa ta saurare mu, ta girgiza kai ta ce wa Baba, "Malam, 'ya'yan nan naka sun fara tsibbu."

A nan kuskurena na farko yake. Ni tun ina ƙarama akwai girman kai, kai ma ka san ba a ƙasa ka tsince shi ba. In Yaya ya yi sauri ban ji abin da ya ce ba, ba na son in ce ya maimaita, kar ya ga kamar ba ni da kai. Sai in yi cinta in buga abin da nake zato. Wata Asabar muka wuni a kan wani firogiram mai tsawo, muka gama, muka ce ta fara, ta ƙi. Muka koma tun daga layin farko, shi yana karantawa ni ina duba talabijin, har la'asar ta yi, bayanmu ya ƙage. Ashe wuri ɗaya ne, ya ce idon mage ni na sa mai wutsiya. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ajiye rula ya ce, "Hajo, 'maimaita' kalma ɗaya ce fa. Da kin faɗe ta da hantsi, da tuni muna wasa."

Babana, za ka je inda mutane suke magana da sauri, da karin da ba ka saba ji ba, da kalmomin da ni da babanku ba ma amfani da su a nan. Za ka rasa wasu. Kar ka gyaɗa kai kana murmushi alhali ba ka gane ba. Haka na yi a shekararmu ta farko a ƙasar nan, mai kedai, wato mai kanti, tana yi mini bayani ina ta cewa boleh, boleh, wato to, to, har na dawo gida da buhun shinkafa mai danƙo na dafa muku dafa-duka ta zama kamar tuwo. Ka ce ba ka ji ba, a maimaita. Wanda zai yi dariya ya yi, ba ta kashe kowa, kuma yawanci wanda ya fi kowa yi maka dariya shi ne zai zaunar da kai ya koya maka.

Kuskure na biyu gajere ne, amma har yau in na tuna sai na ji zafinsa. Yaya yakan ce duk shafin da muka gama mu tsaya mu adana a kaset. Ni kuma in ce ɓata lokaci ne, bari mu ƙarasa gaba ɗaya. Rannan saura 'yan layuka mu gama, fanka ta fara rage gudu, talabijin ta yi ɗif. An ɗauke wuta. Aikin wuni guda ya tafi kamar ba a yi ba. Na kifa kai a cinya na yi ta rusa kuka, Yaya kuwa ya tashi ya je ya sha ruwa a randa, ya dawo ya mayar da rula kan layin farko yana jiran a kawo wuta. Bai ce mini "ai na faɗa miki" ba, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo. Tun daga ranar na daina yarda da "bari sai an jima" a kan duk abin da nake tsoron rasawa. Shi ya sa ka ga na matsa maka a kan Zariya, ba don ina son takura maka ba.

Yanzu ga maganar kumbo. Mujalla ta ƙarshe a tarin nan, bangonta hoton wata ne, babba, fari tas, da ramukansa. A ciki an yi dogon bayani a kan yadda ake saukar da kumbo a duniyar wata, yadda nauyi yake jan shi ƙasa, yadda matuƙi yake kunna wuta ta ƙarƙashi don ya rage gudu. Baba ya zauna ya fassara mana shi da zane a bayan takardar jarrabawa. A shafukan baya kuma ga firogiram na wasan, kai ne matuƙi, kai za ka saukar da kumbon. Muka ɗauki hutun makaranta muka zuba a kansa. Wannan karon ban yi cinta ba, kuma duk shafi sai mun adana. Muka gama, muka kira Baba da Inna, na danna maɓalli.

Tabɗijam! Talabijin ta yi baƙi, taurari suka fito ɗaya bayan ɗaya, ga duwatsun wata a ƙasa. Sai ga ɗan kumbo daga sama, mai ƙafa biyu kamar kwarkwasa, yana saukowa a hankali. Muka yi ta ihu. Yana ƙara gudu, ina danna duk maɓallin da hannuna ya kai, ko a jikinsa. Ya zo ya daki ƙasa ya tarwatse. Muka sake, ya sake tarwatsewa. Yaya ya koma ƙasan shafin ƙarshe, inda rula ta rufe, ya ga wani ɗan rubutu da ba mu lura da shi ba. Wai wannan rabin farko ne. Rabin da yake ba matuƙi birki da sitiyari yana cikin fitowar wata mai zuwa. Malamin da ake aiko wa mujallar kuwa tuni ya isa Indiya.

Inna ta yi dariya har ta zauna a hannun kujera. Ta ce, "Yo duk wahalar nan ashe jirgi kuka ƙera ba birki?"

Ba inda Baba bai tambaya ba, ɗakin karatu, shagunan littattafai na Kaduna, abokansa na jami'a. Ba a samu ba. Mu kuwa ba mu fasa kunna kaset ɗin ba. In baƙi suka zo sai mu nuna musu, kowa ya kalli kumbo ya faɗo ya fashe, a tafa. Har ya zama maganar gidanmu. In wani ya ɗauko abin da ba zai kai ba, sai Inna ta ce wannan kumbon su Hajo ne.

Kuskure na uku kowa a dangi ya san shi, don Kawunka bai taɓa barin a manta ba. A duk shekarun nan, ko sau ɗaya ban bar shi ya buga ba. Yakan ce, "Hajo, mu yi musanya mana, yau ki karanta." In ce yatsunsa manya ne, zai danna biyu a haɗe. In ce ni na fi sauri. In ya matsa in kai ƙara wajen Baba in ce Yaya zai ɓata roba. Shi kuma mutum ne mai sanyin hali, sai ya yi murmushi ya ɗauki rularsa. Na ɗauka mai bugawa shi ne mai aikin, mai karatu ɗan rakiya ne. Sai da ya tafi jami'a na zauna ni kaɗai da mujalla da kwamfuta, na kasa kai ko rabin shafi. Daga nan na tafi makarantar kwana, talabijin ɗin ta lalace, aka sa kwamfutar a akwati. Ranar aurena da babanku, Yaya ya sunkuyo ta tagar mota, ina kuka, ya ce, "To Hajo, kin tafi ba ki ba ni na buga ba." Na yi dariya cikin mayafi har ƙawayena suka zungure ni.

Shawarata a nan ita ce, duk inda aka haɗa ka aiki da wani, ka lura da wanda kullum yake riƙe da rula. Mai haƙuri ba ya nufin ba ya so. Ka miƙa masa kujerar tun bai gaji da tambaya ba.

Akwai kuma wanda ya shafe ka kai tsaye, kuma ka san shi. Kwamfutar nan tana da wani hali, akwai kuskuren da ko na harafi ɗaya ne ba ta barinka ka wuce, sai ta yi ƙara ta tsaya cak har ka gyara. To haka na yi maka da Hausa. Mun zo ƙasar nan kana ɗan shekara biyar, ina tsoron kar harshen ya kuɓuce maka. Sai ya zama ba ka gama jimla ban tare ka ba. Ka dawo daga makaranta da labari a bakinka, kana ɗoki, ni kuma ina gyara maka kalma. Har a gaban baƙi, ranar salla a Setapak, gida cike da 'yan Najeriya. A hankali ka gano cewa in ka yi Turanci ko Malay ba mai tsayar da kai, ka koma can. Tsoron da na ji shi ne ya jawo abin da nake tsoro. Da na sani da na bar ka ka kai ƙarshen labarinka, gyara ya biyo baya ko ma kar ya zo. In Allah ya ba ka naka 'ya'yan, ka saurari abin da suke faɗa kafin yadda suka faɗe shi. Kuma ka sani, Hausarka ba ta lalace ba. Ina jin ka in kana waya da babanku a kan ƙwallo, ba ka san ina ji ba, tana fita sumul.

To, watannin baya, wata ranar da ruwan la'asar ɗin nan na Kuala Lumpur ya tsare kowa a gida, ina neman hotunan wata a intanet don yaran da nake yi wa darasin lissafi da kimiyya. Daga wannan shafi zuwa wancan, sai na faɗa wani wuri inda wasu bayin Allah suka bi tsofaffin mujallun kimiyya suka ɗauki hotonsu shafi-shafi suka zuba, kyauta, kowa ya karanta. Allah ya saka musu da alheri, ko su wane ne. Ina ta gangarawa ina kallon banguna, sai ga watan nan, fari tas da ramukansa. Babana, sai da na dafe ƙirji. Na buɗe, ga zanen da Baba ya fassara mana, ga tallan agogo mai lissafi da Yaya yake ta haɗiyar yawu a kansa, ga layukanmu. Har warin takardar sai da na ji a hancina, da na ledar falonmu in rana ta dake ta. Na zauna ina dariya ina share hawaye, shinkafa ta kama a tukunya. Ranar ce ka dawo ka tarar babu abinci ka sauka ka yi mana tapau, ka sayo mana na waje a ƙunshe, kana tambaya ko lafiya.

Sannan na danna fitowa ta gaba. Ga shi nan. Rabin na biyu, shafi huɗu, yana zaune abinsa shekara da shekaru.

Ba na cewa zamanin da ya fi na yanzu, kar ka ɗauka tsufa ne ya fara kama ni. Wancan zamanin ya sa na tsufa ina jiran shafi huɗu, na yanzu ya miƙo mini su ina zaune a kicin. Ina jin daɗin rayuwata a nan, alhamdulillahi. Ina son jirgin ƙasan da yake zuwa a kan lokaci, ina son wutar da ba a ɗaukewa, ina son ɗalibaina. Abin da nake kewa ba baƙin akwatin roba ba ne. Muryar Yaya ce a gefena tana cewa "layi na gaba".

Na kira shi a ranar. Tun da muka zo nan wayarmu ta koma gaisuwa zalla, ya gida, ya yara, ya jiki, sai an jima. Wannan ma sakacina ne, kar ka bari taka da 'yan'uwanka ta koma haka. Na ce, "Yaya, na samo birkin kumbo." Sai ya fashe da dariyar da rabona da jin ta tun Baba yana da rai. Ya ce, "Kin buga?" Na ce ban buga ba. Ya ce, "Kin kyauta." Sannan ya ce, "Sai dai Hajo, mai karatun naki ya yi ritaya. Ko kin kawo ba zan iya karanta miki ba."

Ban san lokacin da na ce masa, "Ai wannan karon kai za ka buga, Yaya. Zan turo maka mai karatu."

Ka ga ke nan na riga na yi alkawari da kai ba ka sani ba. Ka yafe mini, amma ba zan janye ba. Matarsa ta ce tun ranar ya sa aka matso da kujerarsa gaban talabijin, kuma duk wanda ya shigo sai ya gaya masa ɗan Hajo yana tafe daga Maleshiya.

A cikin ambulan akwai rabin farko da na biyu, na kai kedai an buga mini su a takarda. Akwai kuma 'yan takardun manne masu manyan haruffa, farare a kan baƙi, ka liƙa su a kan maɓallan laftof ɗinka don ya gani. Rula kuwa na tabbata akwai a gidansa, tsohon malami ne. Manhajar nan da ka taɓa nuna mini, wadda take kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, ka sa ta, ka jona da talabijin ɗinsa yadda komai zai fito da girma.

Na san ka. Za ka duba layukan nan ka ce cikin rabin awa za ka rubuta wanda ya fi shi kyau, ko ka ɗauki hotonsu waya ta kwafe maka. Kar ka kuskura. Ka zauna a ƙasa kusa da shi, ka ɗora rula, ka karanta masa layi-layi da sunayen da na lissafa maka. Zai yi jinkiri, zai danna biyu a haɗe, don yatsun nasa da gaske manya ne. Kar ka karɓe. In ya yi dariyar yadda kake cewa "ƙwarya", ka bar shi ya yi, ya daɗe bai samu abin dariya ba. In ya yi magana ba ka gane ba, ka san kalmar da za ka faɗa. Duk shafin da kuka gama ku adana, can ba Wangsa Maju ba ne, wuta tana iya tafiya ana tsakiyar layi. In aikin ya ɗauke ku kwana biyu ko uku, ka kwana. A tsakanin layi da layi zai ba ka labarin mai sunanka, irin wanda ni bakina ba ya iya faɗa maka.

Ni ban karanta rabin na biyu ba. Da na karɓo daga kedai na ninke shi ban duba ba. Ban san wane maɓalli ne birki ba, ban san abin da talabijin take nunawa in an sauka lafiya ba, ko tuta ce, ko kiɗa, ko ba komai. In kumbon ya taɓa ƙasa bai fashe ba, kar ka turo mini hoto, kar ka rubuto saƙo. Ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne a nan, ka miƙa wa Kawunka wayar. Daga bakinsa nake so in ji abin da ya gani.

Allah ya yi maka albarka, Babana. Allah ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya ba ka lafiya da abokan arziki, ya sa ka gama bautar ƙasarka cikin mutunci, ya dawo mana da kai muna masu farin ciki. Ka gaishe da Kawunka da iyalinsa, ka je kabarin Baba da Inna ka yi musu addu'a. Allah ya sauke ka lafiya. Ku ma, kai da Yaya, ku saukar mini da kumbon nan, ya daɗe yana faɗuwa.

Wassalam.

Mahaifiyarka